Mata Biyu a Ruwan da Aka Hana

Litinin, 3 ga Yuni, da hantsi

Sun liƙa shi a tashar bas ta Labasa, girmansa ya kai ƙofar shago. Na sauko sayen burodi na yi kiciɓis da aikina. Mata biyu cikin teku har ƙugu, koma a tsakaninsu, rana tana fitowa a bayansu, don haka babu fuska, sai baƙaƙen inuwa biyu da mayafi a ka. A sama an rubuta da manyan haruffa wai Fiji gida ɗaya ce. Tun da na fara riƙe kyamara ban ɗauki hoton da ya kai wannan ba. Na faɗa, kuma ba zan janye ba.

Amma ba haka na aika shi ba. Na yanke gefen dama, da hannuna na yanke. A gefen dama akwai sanda kafe a ruwa da ganyen kwakwa ɗaure a kanta, a bayanta kuma ga dutsen garin su mahaifiyata, wanda kowa a wannan gaɓar ya sani. Ranar da Momo ya rasu aka kafa ta. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne sarkin garin. Dare ɗari ba mai taɓa kifin wannan ruwa, kuma daren ɗarin bai cika ba. Yanzu ga sandar tsaye a tashar bas, kowane direba yana kallonta.

Na kira Lavenia a Suva, babban birni, shugabar kwamitin baje kolin hotunan da za a yi a can. Su ne suka roƙe ni asalin hoton, wai don ya fita tas idan aka wanke shi babba.

"Vase, ai sandar ce ta ƙawata shi. Mai tsara mana fosta ya ce akwai al'ada a jikinta."

"Akwai al'ada a jikinta kam. Lavenia, ke 'yar ina ce?"

"Kin sani sarai, 'yar tsibiran Lau ce."

"Yaushe rabonki da Lau?"

Ta ce ana jiranta a taro.

Talata, 4 ga Yuni, da rana tsaka

Aporosa ya kira. Ɗan Momo ne, tavale na, wato taubashina, wanda tun muna yara nake da izinin zaginsa kuma dole ya yi dariya. Yau bai yi ba. Shi ake sa ran zai hau kujerar ubansa, har muryarsa ta fara ajiye tumbi.

"Tavale, su waye?"

"Barka da rana, Ratu, ranka ya daɗe. Yaya ciwon ƙafa? Har yanzu naman alade ne ke da laifi?"

"Vasemaca, ba wasa nake ba. Su waye a ruwan babana?"

"Inuwa biyu."

"Inuwa ba ta yafa mayafin Indiyawa."

Ya ce duk gari an gama magana, Kaki Dulari ce da matar ɗanta. Kaki Dulari, tsohuwar Ba'indiyar da gidanta yake ƙarshen gonar rake, a ƙasar dangin su Aporosa, ƙasar da kakan mijinta ya sare dajinta. Hayarsu za ta ƙare ƙarshen shekara, kuma dattawa ba su riga sun yarda a sabunta ba. Ya ce yanzu suna cewa wanda bai girmama gawarsu ba, ba zai kwana a ƙasarsu ba.

"Na san ki," in ji shi. "Ba kya ɗaukar ɗaya. Kawo sauran, waɗanda rana ta haska fuska."

Na ce masa bindigar kifinsa ma na san inda take rataye, ban taɓa cewa ya kawo min ba. Ya kashe waya.

Akwai sauran. Akwai fuska a cikinsu.

Laraba, 5 ga Yuni, da safe

Ba zan ba shi ba.

Alhamis, 6 ga Yuni, da yamma

Na hau bas na je gidan Kaki. An fara saran rake, hanya duk motocin ɗauka ne. Na tarar da ita tsugune tana murza roti, gurasar Indiyawa, kamar ba ita ake shirin ɗagawa ba. Ta haura saba'in. Yaren garin su mahaifiyata ya fi zama a bakinta fiye da nawa.

"Ga mai hoto. An ce na shiga tashar bas. Sun ce na yi ƙiba?"

"Kaki, ba a ganin fuskarki."

"To me ya rage na gani? Zauna. Kin rame kamar karan rake bayan injin ya gama da shi. Miji ne babu, ko abinci?"

Ta zuba min shayi, ta turo roti da kabewa. Ɗanta Satendra yana bakin ƙofa yana wasa adda, bai gaishe ni ba. Ban ga laifinsa ba. Matarsa ba ta ko iya ruwa ba, in ya kai mata gwiwa sai ta fara kiran allolinta, amma ita ake nunawa da baki a shago.

Na ce, "Kaki, in na nuna musu ɗayar, magana ta canja. Ba za su kore ki a kan abin da wata ta ja ki ba."

Ta ajiye muciyar roti.

"Wa ya ce miki ja na aka yi? Ni akuya ce?"

"Kaki."

"Ki buɗe bakin nan, ki ga in za ki ƙara shan shayi a gidan nan. Ko da yake gidan ma," sai ta yi dariya, ta juya rotin.

Wannan dariyar ce ta biyo ni har Labasa. Na zagi kwandasta a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Juma'a, 7 ga Yuni, da hantsi

An yi bikin aure a masallacin layinmu, an kira ni, na je na ɗauka. Amarya kyakkyawa, ango kamar wanda aka kama da kaza. Na yi aikina. Kowa na ce min ya ga fosta, kowa na ce min na ɗaga sunan Labasa.

Na karanta isassun littattafan matafiyan da suka zo ƙasar nan suka auna mana kai da hanci, na ga isassun katunan da aka sa kakanninmu suka tuɓe riga don a aika wa dangi a ƙasar sanyi. Na rantse tun ina yarinya ba zan ɗauki mutum da fure a kunne yana washe baki don wani ya ji daɗin hutunsa ba. Na ce ni mutanenmu zan ɗauka suna abin da suke yi. To ga shi na ɗauke su suna abin da suke yi.

Asabar, 8 ga Yuni, da sassafe

Kwana biyu ina rubuta "ɗayar", kamar wani zai leƙo. Littafina ne, zan rubuta.

Nei Salanieta ce. Matar Momo. Uwar Aporosa. Mai takaba.

Na kwana a garin a makon da aka yi taron makoki, minsharin mata ya kore ni waje kafin gari ya waye, na ɗauki kyamara na bi bakin ruwa. Sai na gan su. Nei ta rufe gashinta da mayafin Kaki, don gashin Nei in ba a rufe ba daga tsibirin can ma ana gane shi, zagaye kamar kan bishiya. Shekara arba'in suke jan komar nan tare, ɗaya a wannan sanda, ɗaya a waccan. Na ɗaga kyamara kafin in yi tunani. Da rana ta ɗago suka juyo suka gan ni. Kaki ta ce in zan tsaya kamar gunki, gara in riƙe kwando.

Mun soya kifin a kicin ɗin Kaki, da barkono da tsamiya. Nei ta ci tana hawaye, ta ce barkono ne. Ni ma na ci. Ya yi daɗi. Wanda yake jira in ce ya tsaya min a wuya, ya nemi kujera.

Lahadi, 9 ga Yuni, bayan coci

Na je garin. Mai wa'azi ya yi magana a kan baƙon da aka ba wa wurin kwana ya miƙe ƙafa har kan filon mai gida. Bai kira suna ba, duk coci ta juya ta kalli wajen gonar rake, kamar bango zai buɗe. Nei tana gaba cikin baƙaƙen kaya, bayanta a miƙe. Ta rera waƙa da kowa. Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Na so in jefe ta da littafin waƙoƙi.

A bakin coci na tare Aporosa. Na shirya ƙarya tun cikin bas.

"Tavale, ni na ɗauko su. Mata biyu daga kasuwar Labasa, na ba su mayafi na ce su shiga ruwa. Wasa ne, don hoto. Laifina ne. Ka ci ni tara, ka hana ni shiga gari, ni 'yar ƙanwar ubanka ce, ba inda za ka kai ni."

Ya dube ni tun daga ka har ƙasa.

"Kin ga inda suke tsaye?"

"A ruwa."

"A bakin ramin da ke gaban dutse. Taku ɗaya gaba, ruwa ya shanye mutum. Matan kasuwa ba su san ramin nan ba. Wanda ya tsaya a nan, ya yi shekaru yana tsayawa." Sai ya rage murya. "Ko ƙarya ba ki iya ba, shi ya sa ba ki zauna gidan miji ba."

"Kai da ka iya, ga ka nan."

Saura kaɗan ya yi murmushi. Ya ce dattawa za su zauna Juma'a ta sama da mai zuwa, su yanke maganar hayar. Ya ce in na kawo sauran hotunan kafin nan, to. In ban kawo ba, abin da ido ya gani ya isa.

Talata, 11 ga Yuni, da rana

Lavenia ta kira da murna a bakinta. An samo mafita, in ji ta. Za su goge sandar da kwamfuta, su sake bugawa.

Na ce su goge ta daga idon mutanen garin ma, tunda kwamfutarsu ta iya.

"Haba Vase. Kuma muna son sunayen matan don ƙasan hoto. Ai abin alfahari ne, 'yan'uwanmu Indiyawa biyu suna sana'ar gargajiya. Baƙi za su so labarin."

"Labarin shi ne ana shirin rushe gidan ɗaya saboda fostarku. Ku rubuta wannan a ƙasa, da harshe uku, tunda gida ɗaya ne."

Ta ce kullum sai na mai da komai faɗa. Na ce ba ni nake mayarwa ba, a haka nake tararwa.

Laraba, 12 ga Yuni, da yamma

Na buɗe sauran hotunan na rufe. Na sake buɗewa.

Alhamis, 13 ga Yuni, da la'asar

Gidan Nei cike da mata, ana saƙa tabarmin da za a raba ranar fita takaba. Na shiga a duƙe, na zauna a ƙasan ɗaki kamar yarinyar kirki. Na jira har suka tafi duba tukunya.

"Nei, za su kore ta."

"Miƙo min wuƙar can."

Na miƙa. Ta ci gaba da tsaga ganye.

"Nei, matar Satendra ta daina zuwa shago. Yaransu a makaranta ana kiransu ɓarayin kifin gawa."

"Kin ci abinci?"

"Ban zo cin abinci ba."

Ta tsaga wani ganyen. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ɗakin baffan Aporosa suna son kujerar nan tun kafin a haife ki. Ranar da suka ji uwarsa ta ci kifin makokin ubansa, sun samu abin da suke nema. Kina so in karya ɗana da hannuna?"

"Ina so kada Kaki ta kwana a titi a kan kifin da muka ci mu uku."

"Rage murya."

"Me ya kai ki, Nei? Ba ki ga sandar ba?"

"Ni na zaɓi ganyen da aka ɗaura mata." Ta ja wuƙa. "Na zauna a ɗakin nan mutane suna kuka a kaina dare da rana, waɗanda ko gaishe shi ba sa yi. Na so in je inda ruwa ya riga ya jiƙa min fuska, ba mai tambaya. Na ƙwanƙwasa wa Dulari taga, ba ta ce min komai ba, ta ɗauko koma."

Matan suka dawo. Nei ta ce musu Vasemaca ta zo koyon saƙa, a shekarunta, a yi mata addu'a. Suka yi ta dariya. Ni ma na buɗe haƙora.

Juma'a, 14 ga Yuni, da safe

Ɗaya ta ce in na faɗa kada in ƙara shan shayinta. Ɗaya ta ce in rage murya. Tsofaffi biyu, kai kamar kwakwar da ta bushe, ni kuma a tsakiya da kyamara kamar wadda ta yi sata.

Asabar, 15 ga Yuni, tsakar rana

Satendra ya hau benena. Karon farko ke nan da ya shigo shagon hotona. Ya tsaya yana kallon hotunan bango, masu rawa da masu saran rake da 'yan tsibirin Rotuma a kwale-kwale, bai zauna ba.

"Didi, na san matata ba ta shiga ruwan nan ba, don a gefena take kwana. Amma ta ƙi gaya min wace ce. Ke kin sani."

"Amma" yake kiran uwarsa, ni kuma Didi, wato yaya.

"Na sani."

"To?"

"Ba nawa ba ne in faɗa."

"Ɗauka taki ce, faɗa ba taki ba." Ya gyaɗa kai. "An binne cibiyata a gindin mangwaron can. Babana a gidan nan ya mutu. Ku kuna da gari. In aka ce mu tashi, ina za mu? Ki gaya min sunan wurin, tunda ke mai karatu ce."

Ya sauka a hankali, bai ko buga ƙofa ba. Da ya buga da na fi jin daɗi.

Litinin, 17 ga Yuni, da hantsi

An yaga fostar tashar bas, daidai kan mace ta hagu. Ta hagu ce Nei. Wanda ya yaga bai sani ba.

Talata, 18 ga Yuni, da yamma

Na wanke hoto ɗaya. Wanda rana ta ɗago, mayafin ya zame baya, su biyun suna kallona, komar tana ɗiga. Na sa a ambulan na kai garin. Na sami Nei a bayan gida tana shanya ganye, ita kaɗai.

"Nei, ga shi. Ba zan kai wa Aporosa ba, ba zan kai taro ba. Kuma ba zan goge ba, ko duk dattawan lardin Macuata sun zo sun zauna min a bene. Fuskarki ce. Ki yi yadda kika ga dama da ita."

Ta goge hannu a zani ta zaro. Ta kai shi nesa da ido, ta dawo da shi kusa. Ta daɗe.

"Na tsufa."

"Kin tsufa."

"Dulari ta fi ni kyau a nan. Don ke kike cin rotinta."

"Juma'a za su zauna, Nei."

"Na san ranar Juma'a. Kafin a haife ki ake yin ta."

Ta cusa shi cikin riga ta ci gaba da shanya. Na tsaya kamar mai jiran canji. Ta ce in ba ni da aiki in kama wancan gefen.

Laraba, 19 ga Yuni, da safe

Shiru.

Alhamis, 20 ga Yuni, da la'asar

Shiru. Na biya gidan Kaki. Matar Satendra ta fara naɗe kwanuka a jarida tana jerawa a kwali, Kaki tana bin bayanta tana warwarewa tana mayarwa kan kanta. Na zauna na sha shayi ina kallonsu har kwalin ya cika sau biyu ya koma wofi.

In gobe ta yi ba abin da ya faru, zan shiga zauren nan. Mace ba ta magana a ciki, na sani. Za su ji yadda muryar mace take a ƙarƙashin rufinsu. Abin da zan faɗa ne ban sani ba, don na yi wa Nei alkawari, Kaki kuma ta hana ni buɗe baki.

Zan kwana a garin.

Juma'a, 21 ga Yuni, da yamma

Zan rubuta tun abin yana sabo.

Da hantsi aka buga gangar itace. Dattawa suka fara shiga zaure, ana tace yaqona, jiƙon saiwar da ake sha a taro, samari suna ta kai da kawo. Ruwa ya janye, duk bakin teku a buɗe, rana tas. Ina zaune gindin bishiya da sauran mata sai na ga Nei ta fito. Baƙaƙen kaya, kai a buɗe, gashin nan an taje shi ya tashi zagaye kamar za ta coci. Ta bi ta tsakiyar gari, inda ba a ratsawa in ana taro. Ba ta kalli kowa ba sai ni.

"Ɗauko injinki."

Ta miƙe hanyar rake. Muka zauna ba mai motsi. Can sai ga ta ta dawo, sandar koma ɗaya a kafaɗarta, ɗayar a kafaɗar Kaki Dulari. Kaki tana tafe tana mita, ana ji tun daga nesa.

"Gwiwata, Sala. Ruwan nan da sanyi. Ba ki iya haukarki da rana ta yi zafi ba?"

"Yi shiru ki ɗaga gefenki, kina jan shi a ƙasa."

Suka wuce gaban zaure, suka sauka yashi, suka shiga ruwa. Suka wuce sandar nan mai ganyen kwakwa. Suka tsaya a bakin ramin, suka buɗe koma.

Zauren ya zube waje. Ba wanda ya yi ihu. Aporosa ya sauko har bakin ruwa da rigarsa ta taro, ya kira uwarsa.

"Nana, ki fito."

"Kana neman mata biyu. Ga su."

"Nana, don Allah. Mutane na kallo."

"Su kalla, rana ce. Wancan karon na rufe kai, shi ne kawai abin da nake kunya." Ta gyara riƙon sanda. "Shekara arba'in ubanka yana cin abin da komar nan ta kamo. Da shi ka yi wannan tumbin. Ba ku taɓa tambayar hannun wa ke ɗaya gefen ba sai yau. Ni na ƙwanƙwasa mata taga. In za ku tashi gida, ku fara da wanda nake ciki."

Baffan Aporosa yana tsaye a baya, fuskarsa kamar wanda aka ba kyautar saniya. Aporosa ya gan shi. Na ga ya gan shi. Ya tsaya, ya tsaya, sannan ya zauna a jiƙaƙƙen yashi, ya tanƙwashe ƙafa, ya sunkuyar da kai yadda ake zama gaban manya. Ɗaya bayan ɗaya mazan da ke kusa suka zauna, don ba a tsayuwa a kansa.

Nei ta juyo wajena. "Ke kuma me kike jira? Ta gaba za ki ɗauka. Kada ki sake mai da ni inuwa."

Na shiga ruwa da takalmina. Na ɗauka ta gaba. Na ɗauki sandar ma, a tsakiya, ban yanke komai ba.

Ba su kama ko ɗaya ba. Kaki ta ce kifin ma ya ji kunya.

Asabar, 22 ga Yuni, da rana

Sun zauna har rana ta faɗi jiya, mu muna waje. Abin da ya fito: gidan sarki ne ya karya hanin, gidan sarki zai nemi gafarar ƙasa, da yaqona da alade da tabarmi, a gaban kowa. Aporosa ne zai durƙusa ya miƙa. Maganar haya kuwa, wani tsoho ya ce ba ya jin an taɓa samun wata magana, suka ce haka ne, a sabunta.

Maganar kujera ba ta mutu ba. Ɗakin baffa sun fita suna magana ƙasa-ƙasa. Wataƙila Aporosa ya rasa ta. Nei ta sani tun kafin ta taje gashi.

Kaki ta ce ita ma ta ci kifin, don haka za ta kawo akuya da buhun shinkafa, kuma wanda ya ce ba a karɓa daga hannunta ya zo ya faɗa mata a fuska. Satendra ya gaishe ni a hanya. Da ka kawai, amma gaisuwa ce.

Lavenia ta kira, ta ji ƙishin-ƙishin, tana son sabon hoton don ranar buɗewa. Na ce masu fuskar suna da baki, ta hau jirgi ta zo ta zauna a tabarma ta tambaye su. Ta ce ba ta da lokaci. Na ce to bangonta ya zauna da farin fenti.

Talata, 25 ga Yuni, da hantsi

Na ji nishi a matakala tun daga ƙasa, na san ko waye. Aporosa ya shigo ya faɗa kujerar da nake zaunar da amare, ya daɗe yana mai da numfashi.

"Tavale, kin kashe ni."

"Matakala ce ta kashe ka. Ruwa ko shayi?"

"Ki goge na ranar Juma'a."

"A'a."

"Ni ne zan zama sarkinki."

"In ka zama ka aiko."

Ya ce in nuna masa, to. Na juyo masa allon. Ya bi su ɗaya-ɗaya da ƙaton yatsansa. Ya wuce wanda yake zaune a yashi da sauri. Ya tsaya a kan wanda Kaki ta faɗi maganar kifi, Nei ta jefa kai baya tana dariya, baki a buɗe, giɓin duk a waje.

"Tun da Baba ya kwanta ciwo ban ga haƙoranta ba," in ji shi.

Ban ce komai ba. Ni ma na iya, wani lokaci.

"Wanke min wannan. Babba."

"In yanke Kaki?"

Ya harare ni. "Wa zai riƙe mata ɗaya gefen?"

Na ce ya dawo Alhamis, kuma ya zo da rogo, ba na yi wa sarakuna aiki kyauta.